Agogo Sarkin Aiki, Ina Likitocinka Suka Tafi?

Wanda ke neman agogo a Damagaram yau ba zai wahala ba. Daga Kasuwar Dole zuwa bakin tasha, daga teburan Sabon Gari zuwa yaran da ke yawo da allon kaya a kafaɗa, agogo ne birjik: mai ruwan zinariya, na roba, mai kiran salla, har da wanda ake haɗawa da salula yana ƙirga wa mai shi taku. Da jika ɗaya ko biyu saurayi zai ɗaura wanda zai je kallon hawan Salla da shi. Wahala tana ga wanda ya fito da tsohon agogo mai wani, ko irin mai tashi da motsin hannu, yana neman wanda zai buɗe shi da sani. Wannan sai ya zaga gari, wane ya tura shi wajen wane, daga ƙarshe a ce masa, "Alhaji, wannan sai Kano." A Kanon ma sai ya yi cigiya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, Damagaram ba ta saba aika aikin hannu wani gari ba. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, maƙeran garin nan ne suka zuba igwa, aka haɗa albarushi a gida, aka kewaye Birni da ganuwa. Fatun da majemanmu suka jeme ayari ya riƙa kai su Tarabulus ta Agadas. Sai dai mutanen wancan zamani ba su da buƙatar agogo. Ladan yana auna inuwa ya san azahar ta yi, madugu yana duban taurari ya san lokacin ɗaura wa raƙuma kaya, manomi yana da hantsi da walaha da la'asar sakaliya. In an ga agogo, to a hannun baƙo ne. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka garin nan a ƙarshen 1852, kuma da agogo da kamfas yake auna tafiyarsa, yana rubuta sa'o'in da ya ci tsakanin wannan zango da wancan.

Lokaci mai lamba tare da Faransawa ya shigo, a 1899. Daga 1911 zuwa 1926 nan ne hedikwatar mulkinsu a Nijar, kafin a mayar da kujerar Yamai, kuma a waɗannan shekaru gari ya saba da begilar bariki, da ƙararrawar lakwal, da ofishin kumandan da ba a zuwa a makare. Waɗanda suka fara ɗaura agogo su ne waɗanda makara ke ja wa tara ko kora: tafinta, akawu, mushen lakwal, da tsofaffin sojan da suka dawo daga yaƙin Turawa. Kuɗin gyaɗa ne ya faɗaɗa abin. Kantunan CFAO da SCOA suna saye suna sayarwa, daga 1962 kuma SONARA ta karɓi cinikin gyaɗa, manomin Matamaye ko Magarya da kaka ta yi wa kyau yana burin komawa gida da ɗaya cikin uku: keke, rediyo ko agogo. Da zuwa Hajji a jirgin sama ya yawaita, sai alhazai suka riƙa dawowa da Seiko da Citizen da Orient da Rado, wasu da sunayen ranaku cikin Larabci a ƴar tagarsu. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, bugun Big Ben ya zama mizani a majalisa: kowa ya ɗaga hannu ya duba, wanda nasa ya zo daidai ya gyara zama, wanda nasa ya makara a yi masa ba'a.

A wannan zamanin teburin mai gyaran agogo ya kafu. Duk wanda ya yi wayo kafin farin 1984 ya san shi: ɗan tebur mai akwatin gilashi a inuwar kanti, agogunan mutane rataye kowanne da ƴar takardar suna, dattijo ya maƙala madubi a ido ɗaya, hantsaki a hannu, ƴan sukuddireba jere bisa farin ƙyalle, ga gwangwanayen da ya tara matattun agoguna don ciran kayan gyara. Sana'ar ba ta gado ba ce kamar ƙira ko dukanci. Wasu a Kano suka koyo, wasu wajen Yarabawa da mutanen Dahome da Togo da suka zo da sababbin sana'o'i irin su ɗaukar hoto. Amma tsarin koyon namu ne na gargajiya. Uba zai kai yaro ya damƙa amana. Yaro ya daɗe yana shara da goge gilashi kafin a ba shi agogon tebur mai ƙararrawa, wanda haƙoransa manya ne, ya warware ya mayar. Sai ya yi wannan har ya gundure shi sannan a bar shi ya taɓa na hannu. Na mata kuwa, mai ɗan ƙaramin inji, shi ne jarrabawar ƙarshe.

Abu mafi daraja a wancan tsari, wanda ba mu lura da shi ba sai da ya tafi, shi ne ciniki da sani wuri ɗaya suke zaune. Mai sayar da agogo ko dai shi ne mai gyara, ko kuwa mai gyaran yana bakin ƙofarsa. Wanda zai sayi mai tsada yana iya cewa a buɗe murfi a gaban mai gyara, ya duba inji ya faɗi na gaske ne ko jabu. In agogon ya tsaya bayan wata guda, mai saye ya san inda zai koma, mai sayarwa kuma ya san za a dawo masa. Kada a ce ina wanke mutanen da. Akwai maha'inta a cikinsu, akwai masu riƙe agogon mutum wata da watanni kullum "dawo jibi". Amma wanda ya sayar da abin da za a dawo masa da shi, dole ya koyi yadda abin yake aiki, ko don kare mutuncinsa a kasuwa.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ke ƙarƙashin murfin nan, don ya gane dalilin da ya sa ba kowa ne zai buɗe shi ba. Agogo mai wani ba shi da pil. Ƙarfinsa yana cikin wani siririn sifirin da ke naɗe a ɗan gwangwani. In an yi wani sifirin ya ɗaure, sai ya riƙa warwarewa a hankali yana tura jerin ƙafafu masu haƙora. Abin da ke hana shi warwarewa lokaci guda shi ne wani ɗan zobe mai kai-komo, wanda wata waya da ba ta kai kaurin gashi ba take dawo da shi duk sanda ya juya. A yawancin Seiko 5 da alhazai suka kawo, zoben nan yana bugawa sau 6 a daƙiƙa, sau 21,600 a sa'a, fiye da sau 500,000 a kwana ɗaya. Duwatsu 17 ko 21 da ake rubutawa a fuskar agogo yaƙutu ne na masana'anta, ba su da tsadar da ake zato, aikinsu su riƙe bakin sandunan ƙafafun don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Mai tashi da motsin hannu kuwa an ƙara masa wani ƙarfe rabin da'ira da ke lilo yana yi masa wani. In aka ajiye shi kamar kwana biyu zai tsaya, kuma lafiyarsa ƙalau, girgiza kawai yake jira.

Inji irin wannan mai yake so, ɗigon da ake sa wa kowane dutse kuwa da ƙyar ido ke ganinsa. Masu ƙera agogo sukan ce a wanke shi duk bayan shekara 3 zuwa 5. A ƙasarmu abokan gabarsa sun fi yawa: ƙurar hunturu, zafin bazara da ke wuce digiri 40 yana busar da mai, gumi, ruwan alwala da ke bi ta robar da ta tsufa, yanzu kuma ga maganaɗisun lasifikar salula da ke manne wayar gashin nan agogo ya kama gudu. Wanki na gaskiya shi ne a warware injin ɗaiɗai, a wanke kowane yanki, a duba wanda ya ci, a sa mai iri-iri kowanne a gurbinsa, a mayar, a sauya roba, sannan a riƙe agogon ƴan kwanaki ana gwada shi a kwance da tsaye. Aikin yini ne cur ga gwani, ban da kwanakin gwaji.

Abin da ya kashe teburin daga nesa ya taso. A watan Disamba na 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fitar da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da pil da ɗan dutsen kwaz mai rawa. Da farko kuɗin mota ne, amma kafin shekara goma irinsa ya zama na kowa. Suwizalan, uwar agogo, ta ji a jikinta: ma'aikatan agogonta sun faɗo daga kusan 90,000 a 1970 zuwa kusan 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. A Faransa kamfanin Lip na Bezanson ya durƙushe, har ma'aikatansa suka mamaye masana'antar a 1973. Nan gida sai ga Casio. F-91W da ya fito a 1989 pil ɗinsa na iya shekara 7, kuskurensa a wata bai wuce rabin minti ba. Gaskiya ɗaya ce: agogon roban nan ya fi Rado mai wani na Alhaji faɗin lokaci daidai, kuma talakan da ya koma gare shi bai yi wauta ba.

Sai Janairun 1994, aka karya darajar sefa da rabi. Kayan gyara da man agogo da ke zuwa daga Turai suka ninka kuɗi dare ɗaya, a daidai lokacin da agogunan Asiya masu araha ke kwararowa ta Kano da Kwatano, daga baya ta Dubai da Sin. Ranar da sabon agogo ya fi ladan wanki araha, ranar sana'ar ta fara mutuwa. Mai gyara ya koma sa pil, da sauya madauri, da rage tsawon sarƙa. Yaransa suka watse, wasu suka hau kabu-kabu, wasu suka bi hanyar Libiya. Salula da ta shigo a farkon shekarun 2000 ta ƙarasa aikin: ga lokaci, ga ƙararrawar sahur, ga kiran salla, duk a aljihu. Agogo ya tashi daga kayan aiki ya koma kayan ado da na lefe, abin ado kuwa ba a tambayar me ke cikinsa.

Daga nan muka sami irin mai kantin yau. Kwanakin baya na raka wani ɗan'uwana da ya gaji agogon Orient na mahaifinsa, mai tashi da motsin hannu, muka shiga wani kanti mai gilasai da fitilu. Yaron kantin ya juya shi ya ce, "Baba, pil ɗinsa ne ya mutu." Ɗan'uwana ya ce, "Yaro, wannan ba ya cin pil." Yaron ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, ina ka taɓa ganin agogo ba pil?" Har ya ɗauko wuƙa zai ɓamɓare murfin da juya shi ake yi, muka ce ya dakata. Maigidansa da ya fito bai fi shi sani ba. Shawararsa ita ce a cire tsohon injin a jefar, a sa na pil, "ka huta, Alhaji." A irin wannan kanti, in ka tambayi ma'anar mita 30 da aka rubuta a bayan agogo, za a ce ka yi iyo da shi a tafki, alhali yayyafi da wanke hannu kawai yake ɗauka. In ka tambaya ko na gaske ne, rantsuwa za ka sha.

Wanda ya fi shi ɓarna shi ne mai rabin sani. Shi ya san agogon ba ya cin pil, kuma zai karɓi aikin. Zai cire inji ya tsoma shi dungurungum cikin fetur, ya hura da baki, ya ɗiga man keken ɗinki, ya miƙo maka yana tafiya. Zai kuwa yi tafiya, wata biyu ko uku. Bayan nan man ya bi ya jiƙa wayar gashi, ya kama ƙura ya zama taɓo mai cin ƙarfe, tururin baki kuma ya bar tsatsa. Agogon da ya yi shekara 40 lafiya sai ya mutu a hannun mai magani. Wani kuma zai cire lafiyayyen yanki daga naka ya sa wa na wani, kai ba ka da yadda za ka gane.

Ban ga laifin yaron kanti sosai ba. An ɗauko shi daga ƙauye ko ya bar lakwal, an ba shi farashi, ba a ba shi sani ba, maigidan da zai koya masa kuwa kwali-kwali yake saro kaya, bai taɓa ganin cikin ɗaya ba. Laifin da nake gani shi ne kunyar cewa "ban sani ba". Mu mabiya mazhabar Malikiyya ne, kuma kowane almajiri ya ji yadda Imamu Malik, duk da zurfin iliminsa, yake amsa tambayoyi da yawa da cewa bai sani ba. Tsofaffin masu gyara na kirki suna da wannan ɗabi'a. Dattijo zai duba ya ce, "Ɗana, wannan ya fi ƙarfina, kai wa wane a Zango." Kasuwar yau tana ganin faɗin haka asarar ciniki ce. Rashin sani ya fi dare duhu, amma wanda ya ɓoye rashin saninsa ya karɓi kuɗin mutane, ya wuce jahilci ya shiga ha'inci.

Abin mamaki, a can inda guguwar agogon pil ta fi yin ɓarna agogo mai wani ya farfaɗo. Turawa sun mayar da shi kayan gado da alfahari. Suna da makarantu irin WOSTEP ta garin Nushatel, wadda aka kafa a 1966, duk da haka kukan ƙarancin masu gyara suke yi, gwani yana sa mutum jiran watanni. Manyan kamfanoni kuma sun ƙuntata hanya: daga ƙarshen 2015 rukunin Swatch, mai Rado da Omega, ya daina sayar wa dillalai masu zaman kansu kayan gyara. Mai irin waɗannan agoguna a Damagaram sai dai ya ba mai tafiya Jidda ko Dubai ko Faransa saƙo, ya biya kuɗin da wani lokaci ya fi abin da agogon zai yi a kasuwa. Sa'ar da muka yi ita ce, yawancin abin da ke kwance a akwatunan iyayenmu na Japan ne, Seiko da Orient da Citizen, masu sauƙin inji, masu yalwar kayan gyara. Waɗannan ba sa buƙatar jirgi, hannu mai sani kawai suke buƙata.

Hannun kuwa yana nan, wuri ya sauya. Je ka layin masu gyaran salula ka ga saurayi da madubi da hantsaki yana ɗaga abin da ido da ƙyar ke gani ya mayar da shi gurbinsa. Ido ne irin na dattijon can, haƙuri ne irin nasa. Da yawansu a intanet suke ƙara sani, darussan warware agogo kuma cike suke a YouTube. Abin da aka rasa shi ne mai haɗa su da ƴan dattawan da suka rage, waɗanda idonsu ya fara gajiya, hannu ya fara rawa. Bidiyo zai nuna maka inda kowace ƙusa take, amma yawan man da ya isa da ƙarfin da hantsaki zai ɗauka kafin wayar gashi ta lanƙwashe, sai an zauna kusa da wanda ya sani. Mai gyaran salula da ya ƙara agogo a kan sana'arsa ba zai sami masu gasa da yawa ba daga Gure har Maraɗi.

Kafin a kai ga haka, ga shawara ga mai tsohon agogo. Kada ka miƙa shi sai ka tambayi mai gyara yadda zai wanke shi, in bai ambaci warwarewa ba, karɓi abinka. Nemi ganin man da zai sa da mabuɗin murfin da yake aiki da shi. Tambayi kwana nawa zai ɗauka, wanda ya ce ka dawo bayan la'asar ba wanki zai yi ba. Ka ce a dawo maka da duk abin da aka cire. Fara gwada shi da agogon da ba ka jin ciwonsa kafin ka ba shi na gado. In ba ka sami gwani ba, ajiye shi a busasshen wuri nesa da salula da rediyo. Agogon da ya tsaya zai iya jiran shekaru, wanda aka ɓata ne ba ya dawowa.

Ga ƴan kasuwar agogo, ku koya wa yaranku bambancin mai pil da mai wani da mai tashi da motsin hannu, aikin yini ɗaya ne. Ku koya musu cewa "ban sani ba, bari in nuna maka wanda ya sani" ba ta rage ciniki, amana take jawowa. Ga cibiyoyin koyon sana'a, da asusun FAFPA da ke tallafa musu, da masarautar Damagaram da masu sana'a ke jin maganarta, a nemo dattawan nan tun suna da sauran ido, a biya su, a zaunar da kowanne da yara biyu ko uku daga cikin masu gyaran salula. Kayan aikin farawa bai kai kuɗin babur ɗaya ba, kuma ana iya sayensa kowane lokaci. Dattawan ne ba za a iya saye ba in sun tafi. A yi wannan aiki bana, kada a bari sai baɗi.